Yadda Aka Riƙa Ciyar Da Yara Masu Hazaƙar Lissafi Gaba A Ƙasar Kano

Tun kafin zuwan Turawa mutanen ƙasar Hausa sun san darajar lissafi. Malamai suna karanta hisabi, don ba a iya raba gādo bisa shari'a sai da shi. Har ma an yi wani malamin Katsina, Muhammadu al-Kashinawi, wanda ya wallafa littafi a kan hatimin lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741.

A makarantun allo na ƙauyuka irin su Madachi, a ƙasar Rano, ba a tsare yaro don ɗan'uwansa. Kowa da allonsa. Wanda ya riƙe karatunsa sai ya wanke, malam ya ƙara masa. Saboda haka yara biyu su kan fara babbaƙu rana ɗaya, ɗaya ya sauke, ɗaya bai kai rabi ba, kuma ba wanda ya ga an yi rashin adalci.

To, a 1909 wani Bature da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko a Nasarawa, kusa da birnin Kano. Tare da boko aka zo da sabon abu, wato aji. A cikin aji malami ɗaya ne, darasi ɗaya, kuma ana tafiya tare har shekara ta ƙare. Wannan tsari yana da amfani, don malami guda ya kan koyar da yara da yawa. Amma yana da nasa aibin: mai saurin ganewa ya kan zauna jiran na baya, har zuciyarsa ta fita daga karatun.

A lokacin kuwa En'e tana matuƙar bukatar masu lissafi. Ana neman malaman taki, waɗanda ke auna gonaki da ƙafa don a yanka haraji. In gona ta yi taki 60 a tsawo, 40 a faɗi, sai a buga, ta ba da 2,400. Kuskure kaɗan a nan, sai a ɗora wa talaka abin da ba nasa ba. Baitulmali kuma yana son mai iya haɗa fam da sule da kwabo, ga shi kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam. Wannan ya sa idon hukuma ya koma kan yaran da suka fi hazaƙa.

Hanyar da aka bi ita ce tankaɗe da rairaya. Yaro ya kan yi shekara 4 a Elementare, sa'an nan a yi jarrabawa, a ɗauki 'yan kaɗan zuwa Midil ta Kano, wadda yanzu ake kira Kwalejin Rumfa. Daga Midil kuma a sāke zaɓen zakaru zuwa Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya yi bikin buɗe ta a 1922, ta koma Kaduna a 1938, ta zauna Zariya a 1949. Ban da wannan, in malami ya ga aji ya yi wa yaro kaɗan, ya kan sa a tsallakar da shi zuwa na gaba.

Sai dai rariyar nan ba ta kai ko'ina ba. Makarantu kaɗan ne, galibi a garuruwan hakimai su ke. Iyaye da yawa kuma suna ƙyamar boko, har su kan ɓoye 'ya'yansu in an zo ɗiba. Yaron ƙauye zai iya ƙidaya dammunan dawa, ya sayar da gyaɗa a kasuwa ba a cuce shi ko anini ba, amma ya tsufa ba wanda ya taɓa gwada shi da alli. 'Yan mata kuwa sun fi kowa asara.

Bayan an kafa Jihar Kano a 1967, aka tarar likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasa ba su taka kara sun karya ba. Saboda haka a 1977 gwamnati ta buɗe makarantun kimiyya biyu na kwana, ɗaya a Dawakin Tofa, ɗaya a Dawakin Kudu, wadda ba ta da nisa da ƙasar Rano. A farko, yaran da suka gama aji 2 na sakandare ake yi wa jarrabawa, a tattara waɗanda suka yi fice a lissafi da kimiyya wuri ɗaya, su yi shekara 3. Wasu sun yi sūka, suka ce an kwashe mai an bar wa sauran makarantu tsala. Wasu suka ce ai gudun doki ba a auna shi da na jaki. Daga baya aka buɗe na 'yan mata, kuma da tsarin karatu ya canja, sai zaɓen ya koma ƙarshen aji 3. Likitoci da injiniyoyi masu yawa daga nan suka fito.

Abin lura a tarihin nan abu biyu ne. Na farko, tsare yaro mai hazaƙa hasara ce gare shi da garinsu. Na biyu, gaggawa ma tana da haɗari, domin lissafi kamar ginin soro ya ke, ba a ɗora tubali sai na ƙasa ya bushe. Yaron da aka tsallakar bai ƙware a rabawa ba, zai tuntuɓe a gaba, ga shi cikin waɗanda suka girme shi. Malamin allo ba ya yarda a wanke sai an biya daidai.

Don haka magidancin da ya yi yaƙi da jahilci, har ya iya karanta wannan, in ya ga ɗansa ko 'yarsa lissafi yana yi masa sauƙi, kada ya yi shiru. Ya tafi ya ga malamin makaranta, a gwada yaron sosai, a san inda ya kamata a ajiye shi. Allah ya sa a dace, amin.