Suna da Asali a Wuraren Nuni: Sao na Arewacin Kamaru da Darasin Yeti

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda sunan da aka laƙaba wa halittar almara yake sauya matsayinta idan aka fitar da ita daga bakin masu ita zuwa gidan tarihi ko filin shaƙatawa. An ɗauki Sao, ƙattin da Kotoko suke kira kakanninsu, aka auna su da Yeti na tsaunukan Himalaya, wanda kamfanin Disney ya saka a wasanninsa har sau biyu a ƙarƙashin sunaye biyu.

Sao tsakanin tarihi da almara

Baƙon da ya sauka Garwa ya nufi arewa ta Marwa zuwa Kusiri, zai shiga ƙasar Kotoko, inda garuruwa irin su Gulfe da Makari da Logone-Birni suke zaune a kan tuddan tsofaffin matsugunai. A bakin mutanen yankin, waɗanda suka kafa garuruwan ƙatti ne, ana cewa mafaraucinsu yakan saɓo giwa a kafaɗa, bakansa kuma gangar jikin giginya ce. Abin da ƙasa ta fitar ya ƙara wa labarin ƙarfi, domin an tono manyan tuluna da ake binne gawa a ciki, da ƙananan mutum-mutumai na gasasshen yumɓu, da kayan ado na tagulla. Sai dai ƙasusuwan da ke cikin tulunan na mutane ne masu tsayi irin na kowa.

Sunan Sao kansa ya fi fitowa daga rubuce-rubucen Barno. Imam Ahmad ibn Furtu, wanda ya rubuta tarihin yaƙe-yaƙen Mai Idris Alauma a 1576, ya ambaci ƙungiyoyi irin su Sao-Gafata da Sao-Tatala a matsayin abokan gaba, wanda hakan ke nuna cewa laƙabi ne da masu mulki suka haɗa al'ummomi daban-daban da ba su musulunta ba a ƙarƙashinsa. Daga baya masanan Faransa suka ɗauke shi: Marcel Griaule ya wallafa Les Saô légendaires a 1943, Jean-Paul Lebeuf da Annie Masson-Detourbet kuma suka fitar da La civilisation du Tchad a 1950, inda laƙabin ya zama sunan wayewa guda. Yau ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasar Cadi ma Sao take amsawa, ana kuma nuna kayayyakinsu a gidan tarihin Gaoui kusa da Njamena. Ke nan suna ɗaya ya yi wa abokin gaba aiki, ya yi wa kaka, ya kuma yi wa tutar ƙasa.

Yeti da sunayensa biyu

A 1921, tawagar Charles Howard-Bury da ke binciken hanyar hawa tsaunin Everest ta ga wasu sawaye a kan ƙanƙara, 'yan rakiyarta suka ce na metoh-kangmi ne. Ɗan jarida Henry Newman na jaridar The Statesman a Kalkata ya fahimci ɓangaren farko na kalmar da ma'anar ƙazanta, ya ƙirƙiro sunan Ingilishi mai nufin abin ƙyama na ƙanƙara, kuma wannan kuskure ne duniya ta riƙe. Da shi aka saka halittar a 1978 cikin Matterhorn Bobsleds na Disneyland a Kalifoniya, wato jirgin wasa mai hawa da gangara da aka gina a siffar wani tsaunin ƙasar Suwizalan, wurin da ba shi da wata alaƙa da Himalaya.

A 2006 kamfanin Disney ya buɗe wani jirgin wasan, Expedition Everest, a Florida, bayan masu zane ƙarƙashin jagorancin Joe Rohde sun yi tafiye-tafiye zuwa yankin Himalaya. A nan an kira halittar Yeti, an gabatar da ita a matsayin mai tsaron tsauni, an kuma shirya ɗan gidan tarihi a kan layin masu jira, cike da kayan da aka sayo daga Asiya. Gyaran na gaske ne, amma bai kai ƙarshe ba, saboda ƙauyen Serka Zong da labarin yake ciki ƙirƙirarre ne, kuma abin da mai hawa yake gani shi ne layin dogo da aka tsinke da wani ƙato mai kai masa cafka cikin duhu. Suna ya koma wa masu shi, aikin halittar kuwa yana nan na tsoratarwa, tunda tsoro ne hajar da ake sayarwa.

Matsalar suna a Hausa

Mai rubuta allon bayani ko mai yi wa baƙi jagora da Hausa a Garwa ko Kusiri yana da kalmomi biyu a hannu, kuma kowace tana ɗauke da kayanta. Idan ya ce dodo, ya jefa Sao cikin tatsuniya, tare da mai cin mutane da ake razana yara da shi, alhali Bakotoke jikansu yake ɗaukar kansa. Idan ya ce Samudawa, kalmar da Bahaushe yake kiran ƙattin dā da ita, ya dace ta fuskar girman jiki, amma ya jingina su da mutanen Annabi Salihu da aka halaka, abin da ya yi kusa da kallon da marubutan Barno suka yi musu. Daura ta nuna wata hanya, domin macijin rijiyar Kusugu a labarin Bayajida ba a rasa masa suna ba, Sarki ake ce masa, kuma da wannan suna ake gabatar da shi ga duk mai ziyara.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne a bar wa Sao sunansu a kowane allo, a bi shi da bayanin cewa Kotoko kakanni suke ɗaukarsu, a kuma raba abin da aka tono daga abin da aka ji a baki: tulun binnewa da shekarunsa a gefe guda, labarin mai saɓa giwa a ɗaya gefen, tare da sunan garin da aka ji shi. Masarautun Gulfe da Makari da Logone-Birni suna nan, kuma su ne ya kamata su fara karanta rubutun kafin a kafa shi.