Kubanni Daga Shika Zuwa Galma: Tarihin Gurɓacewar Wani Rafi

Gabatarwa

Kubanni ƙaramin kogi ne wanda ya taso daga tsaunin Kampagi a yankin Shika, ya gangaro kudu maso gabas ta gefen Samaru, ya ratsa harabar Jami'ar Ahmadu Bello, ya bi ta tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada, kana ya faɗa cikin Galma, wanda shi kuma yake zuba a kogin Kaduna. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda sana'o'in ɗan Adam suka sauya wannan rafi da dajin da ke kewaye da shi, tare da nuna cewa al'adun da Bahaushe ya gada game da shara da ruwa sun ginu ne a kan wata irin shara wadda ba ita ake zubarwa a yanzu ba.

Zamanin Tama da Gawayi

Kuskure ne a ɗauka cewa sai da Turawa suka zo sannan aka fara taɓa dajin ƙasar Zazzau. A shekarun 1970 masu binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, ciki har da J. E. G. Sutton, sun tono kufan matoyar tama a yammacin Samaru, inda aka sami tarin kashin ƙarfe na ɗaruruwan shekaru. Narka tama kuwa ba ya yiwuwa sai da gawayi mai yawa, kuma maƙera sun fi son na itace mai tauri irin ƙirya. Ke nan tun a wancan zamani gatari yana aiki a gefen Kubanni.

Sai dai akwai abubuwa uku da suka rage kaifin ɓarnar. Na farko, jama'a ba su da yawa, don haka in gona ta gaji sai a bar ta saura har ta farfaɗo. Na biyu, manomi ba ya sare ɗorawa ko kaɗanya ko kuka ko tsamiya, wasu domin amfaninsu, wasu kuma domin camfin cewa matattarar iskoki ne. Na uku, sharar gari duk mai ruɓewa ce, watau toka da kashin dabbobi da ƙaiƙayi da tsummoki. Da rani sai a kwashe juji a mangala, jakuna su kai gona. Saboda haka a idon Bahaushe juji taki ne, taki kuwa dukiya ce.

Zuwan Jirgin Ƙasa da Auduga

Turawan Ingila sun mamaye Zariya a 1902, hanyar jirgin ƙasa ta Baro zuwa Kano kuma ta iso a 1911. Daga nan aka ja wata ƙaramar hanya zuwa ma'adinan kuza na Jos, sannan wata zuwa Gusau da Ƙauran Namoda wadda aka kammala a 1929. Sabon Gari ya tsiro ne a jikin tashar, ya cika da ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu da arewa. Sabon mazauni yana bukatar itacen girki da azara da ƙasar gini da yashi, duk kuwa daga dajin da fadamun da ke kusa aka riƙa ɗibarsu.

Daɗin daɗawa, Turawa sun ɗora wa ƙasar Zazzau noman auduga domin masaƙun Ingila, aka kafa injin gurza a Zariya. An buɗe tashar binciken aikin gona a Samaru a 1922, da gonar kiwon shanu a Shika a 1928, wadda ita ce ta zama cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa a 1976. A wajejen wannan lokaci ne aka fara koya wa manoma huɗa da garmar shanu. Babu shakka wannan ya ƙara yawan amfanin gona, amma garmar shanu ba ta tafiya sai an tumɓuke kututture, alhali kuwa daga kututturen ne daji yake sake tohowa. Da ƙasa ta zama tsirara, sai ruwan farkon damina ya riƙa kwasar ta yana zubawa a rafi. Ruwan da ake samu a Samaru ya kai kimanin milimita 1,000 a shekara, kuma kusan dukkansa a cikin wata biyar yake sauka.

Jami'a, Madatsa da Sabuwar Shara

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma a 1973 aka datse Kubanni domin samar mata da ruwan sha. Samaru, wadda a da ƙauyen ma'aikatan gona ce, ta bunƙasa ta zama gari, kwatocinta kuma suka nufi rafin da madatsar take tarewa. Laka da yashi suka yi ta taruwa a gindin madatsar suna rage mata zurfi, kamar yadda malaman jami'ar da kansu suka sha aunawa. A can ƙasa kuma, Sabon Gari ya sami masana'antu, irin su kamfanin taba da aka buɗe a 1959, ga garejin kanikawa, ga mahauta, ga kasuwa. Har Shika ma ta ƙara cika bayan da asibitin koyarwa na jami'ar ya koma can a 2005.

Abin lura shi ne, ba yawan shara kaɗai ya ƙaru ba, jinsinta ma ya sauya. An sami baƙin mai da tsofaffin batura da ragowar maganin feshi, sannan daga shekarun 1990 ledar ruwan sha ta zo ta toshe magudanai. Amma al'ada ba ta sauya ba. Har yanzu ana kwasar juji zuwa gona, masu lambu kuma suna ban ruwan latas da kabeji da alayyafo da ruwan rafin da rani, lokacin da mafi yawan abin da ke gudana a cikinsa ruwan kwata ne. Bincike daban-daban sun nuna ɓurɓushin dalma da wasu ƙarafa masu guba a ruwa da lakar Kubanni. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, to amma dalma ba ta sa ruwa tsami. Alamomi uku da ɗalibin fiƙihu ya sani game da tsarkin ruwa, watau launi da ɗanɗano da wari, an shata su ne domin ibada, ba su isa su tona asirin gubar da ido da hanci ba sa riska ba. Annobar dalma ta Zamfara a 2010, wadda ta hallaka yara fiye da 400, ta isa shaida a kan hatsarin irin wannan guba.

Kammalawa

Gwamnatin Tarayya ba ta kafa hukumar kare muhalli ba sai a 1988, bayan da aka gano sharar guba daga Italiya a garin Koko. Amma doka ba ta shiga lambu sai ta bakin da mai lambu yake ji. Kalmomin shara da juji da taki har yau suna ɗauke da ma'anarsu ta zamanin jaki da mangala, alhali abin da suke nufi a ƙasa ya rikiɗe. Aikin da ya rataya a wuyan masana Hausa shi ne su tattara sunayen itatuwa da kifaye da fadamun Kubanni daga bakin dattawa tun suna raye, su kuma haɗa kai da masana kimiyya wajen samar da kalmomin da za su bambance wa manomi sharar da ke ciyar da ƙasa da wadda ke kashe ta.