Tsoron Teku da Tsoron Tudu: Daga Tarihin Jiragen Shaƙatawa a Gaɓar Birtaniya

Ban taɓa ganin teku ba sai da aikin bautar ƙasa ya kai ni Legas. Wata ranar Asabar da yamma, ina tsaye a bakin ruwa, na hango waɗansu ƙananan jirage masu fararen filafilai suna kai da kawowa. Ba su ɗauke da kaya, ba su jan taru, ba fasinja suke tsallakarwa ba. Da na tambayi wani dattijo da ke kusa da ni, sai ya ce shan iska suke yi. Abin ya ɗaure mini kai, domin a inda na tashi, mutum ba ya shiga kwale-kwale sai don ya tsallaka zuwa kasuwa ko gaisuwar mutuwa, kuma bakinsa ba ya rabuwa da addu'a har ya taka tudu. To, yaushe ne ɗan Adam ya sami ƙarfin halin mayar da teku wurin hutawa, kuma me ya biya kafin ya samu? Bin sawun wannan tambaya shi ya kai ni ga tarihin gaɓar tekun Birtaniya, inda wannan al'ada ta yi jijiya, kuma inda iska ba ta da alkawari.

Da farko abin na sarakuna ne. A shekarar 1660, lokacin da Sarki Charles na Biyu ya koma gadon sarautar Ingila bayan zaman gudun hijira, mutanen Holan suka ba shi kyautar wani ɗan jirgi mai sauri da ake kira Mary. Shekara guda bayan haka ya yi tsere da ƙanensa James a kogin Thames, a kan fam 100. An kafa ƙungiyar masu irin waɗannan jirage a Cork ta ƙasar Ayilan a 1720, wata kuma a 1815 wadda ta yi mazauni a garin Cowes. Sai dai waɗannan attajirai ba su ne ke jan igiya ba. Suna da matuƙa da barori da suke biya, ba sa fita sai da bazarar Turai, idan kuma hadari ya haɗo su koma gida. Waɗanda teku ke ci a wancan zamani su ne masunta da fatake da ma'aikatan jirgi, mutanen da neman abinci ya hana su zaɓen ranar fita.

Daren 25 ga Oktoba 1859 ya sauya lissafi. Wani babban jirgin ƙarfe mai suna Royal Charter ya taso daga Melbourne ta Ostareliya, cike da masu haƙar zinariya da ke komawa gida da abin da suka tara. Ya yi kusan wata biyu a kan hanya, saura 'yan sa'o'i ya isa Liverpool, sai guguwa ta riske shi a gefen tsibirin Anglesey na yankin Wales. Iska ta juyo tana tura shi zuwa gaɓa. Aka saki anga, sarƙoƙi suka tsinke; aka sare jigajigan filafilai don a rage wa iska abin kamawa, injin tururi kuma ya kasa. Da asuba jirgin ya daki duwatsu kusa da ƙauyen Moelfre ya rabu biyu. Mutanen ƙauyen suna tsaye a kan dutse suna kallo, tazarar da ke tsakani ba ta wuce a yi kira a ji ba, amma kimanin mutum 450 suka halaka. Waɗanda suka tsira ba su wuce arba'in ba, kuma babu mace ko yaro ko ɗaya a cikinsu. Abin lura a nan, wanda zan dawo kansa, shi ne jirgin ya ratso rabin duniya lafiya. A bakin tudu ya mutu.

A Landan akwai wani mutum da wannan labari ya hana shi barci, shi ne Robert FitzRoy. Duniya ta fi saninsa a matsayin kyaftin ɗin jirgin Beagle da ya zagaya da Charles Darwin tsakanin 1831 da 1836, amma tun 1854 yake shugabantar wani ɗan ƙaramin sashe na gwamnati mai tattara bayanan yanayi. Aikin da aka ba shi tara alƙaluma ne kawai. Shi kuwa ya dubi bayanan wannan guguwa ya ga cewa ba daga sama ta faɗo kwatsam ba: ta ratso ƙasar sannu a hankali, kuma ma'aunin nauyin iska, wato baromita, ya yi ta sauka a gabanta. Saƙon wayar tangaraho ya fi guguwa sauri. Idan haka ne, garin da ta riga ta isa yana iya sanar da garin da take dosa.

Ya kafa tashoshi a bakin teku da ke aiko masa da awon iska kowace safiya, kuma a watan Fabrairu na 1861 ya fara aika gargaɗi. Tsarin mai sauƙi ne, don wanda bai iya karatu ba ma ya gane. A tashar jirage ana ɗaga wata alama mai siffar mazurari a kan doguwar sanda: idan tsininta yana sama, guguwa daga arewa take tafe, idan yana ƙasa, daga kudu. Da dare kuma fitilu ake ratayawa. Ya kuma sa aka rarraba baromita a ƙauyukan masunta. Ranar 1 ga Agusta 1861 jaridar The Times ta buga hasashen yanayi na farko domin kowa da kowa.

Sakamakon da ya samu bai yi kama da aikinsa ba. Masu jiragen kamun kifi suka ƙi shi, domin duk ranar da aka ɗaga alama ma'aikatansu ba sa fita, su kuma su yi asara. Masana suka ce duba yake yi da sunan kimiyya. Jaridu suna yi masa ba'a duk ranar da ya ce rana aka sami ruwa. Ranar 30 ga Afrilu 1865 ya kashe kansa, dukiyarsa ta ƙare, bashi a wuyansa. A 1866 aka dakatar da gargaɗin. Amma masunta da mutanen tashoshin ruwa, waɗanda su ne suka san amfaninsa a jikinsu, suka yi ta kuka har aka maido shi bayan kimanin shekara guda. Ina ganin wannan ita ce shaida mafi ƙarfi a kan aikin FitzRoy: waɗanda suka soke shi a tudu suke kwana.

A daidai wannan zamani ne wani irin mai jirgi dabam ya bayyana, wanda ba basarake ba ne, ba kuma masunci ba. Richard McMullen dillalin hannayen jari ne a Landan. A 1850 ya sami ɗan jirgi mai tsawon ƙafa 20 da ya kira Leo, bai san komai game da tuƙi ba. Jirgin ma ya cika da ruwa a inda aka ɗaure shi tun kafin a yi tafiyar farko. Ya tsamo shi, ya koya wa kansa, ya yi shekara arba'in yana zagaya gaɓar Birtaniya da Faransa. Littafinsa Down Channel, wanda ya fito a 1869, ya koya wa masu ƙaramin ƙarfi cewa su ma suna iya fita. Ra'ayinsa da ya fi shahara ya saɓa wa abin da zuciya ke raya wa mutum. Yana ganin idan guguwa ta same ka a waje, kada ka ruga neman tasha, domin bakin tasha shi ne wurin duwatsu da rairayi da ruwa marar zurfi, inda raƙuman ruwa ke miƙewa su karye. Ka rage filafilai, ka nisanci ƙasa, ka jira. Wanda ya san labarin Royal Charter ba zai yi masa gardama ba. Ke nan guguwa ɗaya, amsa biyu: FitzRoy ya ce wanda ke tasha kada ya fita, McMullen ya ce wanda ya fita kada ya yi gaggawar komawa. A watan Yuni na 1891 waɗansu masunta Faransawa suka tsinci jirginsa Perseus yana tafiya shi kaɗai a tsakiyar mashigin da ke tsakanin Ingila da Faransa. McMullen yana zaune a wurin tuƙi, rai ya yi halinsa.

Kalmar shaƙatawa tana iya ruɗin wanda bai san zaman irin wannan jirgi ba. Ɗakin ciki bai kai rumfar mai shayi faɗi ba, dogon mutum ba ya miƙewa sosai. Gado ɗan siriri ne, da kyalle a gefensa don kada mai barci ya faɗo idan jirgi ya karkata. Murhu a rataye yake yana lilo don tukunya ta zauna daidai, ruwan sha da awo ake shansa, tufafi kuwa da zarar ruwan gishiri ya taɓa su sun yi sallama da bushewa. Ana raba dare, wani ya kwanta wani ya yi tsaro. Jiri da amai ba su san gwani ba. A wannan ɗan ɗaki babu abin da ya kai baromita da rediyo daraja. Tun shekarun 1920 ake karanta hasashen teku ta rediyo, kuma har yau BBC tana karanta shi: yankuna 31, ana bin su ɗaya bayan ɗaya, a faɗi inda iska za ta fito da ƙarfinta, da yanayin sama, da nisan da ido zai iya gani. Ƙarfin iskar da ma'aunin Francis Beaufort na 1805 ake faɗinsa, daga sifili zuwa 12. Mai ƙaramin jirgi idan ya ji 6 sai ya fara tunani, idan ya ji 8 ya ƙara igiya a inda ya ɗaure.

Wannan murya ta rediyo ita ta buɗe teku ga malamin makaranta da likita da akawu. Ita ce kuma, a ganina, ta sa waɗansu suka ɗauka cewa an gama da teku. Ranar 11 ga Agusta 1979 jirage 303 suka tashi daga Cowes a tseren Fastnet, tafiyar mil 605 ta ruwa: a zagayo wani dutse mai hasumiyar fitila a kudu maso yammacin Ayilan, a dawo Plymouth. Akwai manya a ciki, har da tsohon Firayim Minista Edward Heath, amma mafi yawansu masu sha'awa ne kawai, uba da ɗa, abokan aiki, maƙwabta, a jiragen da suke yawon hutu da su. Ranar 13 ga wata wata guguwa da ta ratso Tekun Atlantika ta ƙara ƙarfi fiye da yadda aka zata. Hasashen tsakar rana bai nuna girmanta ba. Kafin a ambaci maki 10, dare ya yi, jiragen kuma suna tsakanin Ingila da Ayilan, babu tashar da za a kai.

Abin da ya faru a cikin jiragen a wannan dare ya fi abin da ya faru a wajensu ban tsoro. Raƙuman ruwa suna kwantar da jirgi har jigonsa ya taɓa ruwa, waɗansu ma su kife su sake tashi. Murhu da batura da gwangwanayen abinci suka ɓalle suna dukan mutane a cikin duhu. Ruwa ya kai gwiwa. Da yawa ba su da rediyon da za su yi kira da shi. A irin wannan hali, kwale-kwalen roba na ceto da ke ɗaure a bayan jirgi sai ya zama kamar tudu a idon mutum, ga shi kusa, ga shi da sunan tsira. Ma'aikatan jirage 24 suka bar jiragensu, waɗansu zuwa jirage masu saukar ungulu da manyan jiragen da suka zo agaji, waɗansu zuwa cikin robar. Robobin kuwa suka yi ta kifewa, waɗansu suka yage. 'Yan tsere 15 suka rasu, kusan rabinsu bayan sun bar jirginsu ne. Jirage 86 kaɗai suka kai ƙarshe.

Ba na jin ina da bakin zargin wanda ya yi tsalle a wannan dare. Ni da ko kogi ban iya iyo a cikinsa ba. Amma binciken da aka yi daga baya ya sauya dokoki: aka wajabta rediyon kira, aka ce sai wanda ya nuna ƙwarewa zai shiga tseren, aka gyara yadda ake ɗaure kaya a cikin ɗaki, aka kuma riƙa koya wa matuƙa kada su bar jirgi sai ya tabbata nutsewa yake yi. Dalilin wannan darasi na ƙarshe ya fito fili tun kafin a rubuta rahoto. Da iska ta kwanta, masu aikin ceto suka bi sawun jiragen nan 24 da aka gudu aka bari. Biyar ne kawai suka ɓata. Sauran 19 an same su suna yawo a kan ruwa, jigajigai a karye, ɗakuna a hargitse, babu kowa a ciki, aka jawo su zuwa tasha.