Yadda aka gano dangin zazzaɓin cizon sauro a cikin murjani

Idan Binuwai ya cika a watan Agusta, ruwa ya kwanta a fadamun Yola da gefen tafkin Geriyo, ɗakunan shan magani daga Mbamoi har Jimeta sukan cika da yara masu zafin jiki. Ƙwayar da ke kwantar da su, Plasmodium, wani likitan sojan Faransa mai suna Laveran ne ya fara ganinta da madubin likita a Aljeriya a 1880. Amma asalinta ya daɗe a duhu, kuma inda aka samo bakin zaren wuri ne da ba wanda ya zata: jikin murjani. Abin wuyan nan ja da fatake ke kawowa daga Bahar Rum ta Tarabulus da Kano ƙashin wata ƙaramar dabbar teku ce, kuma ita ma tana da masu zama a jikinta suna ci daga gare ta.

A 1986 wasu masana, Upton da Peters, suka bayyana wata ƙwaya dangin Plasmodium a murjanin tekun Karebiyan, suka sa mata suna Gemmocystis, aka ajiye maganar kusan ba wanda ya waiwaye ta. Shekara goma bayan haka sai masana suka tabbatar da wani abin mamaki: a cikin Plasmodium da danginta akwai ragowar sashen nan da ganye ke haɗa abinci da hasken rana da shi. Me mai shan jini zai yi da kayan aikin tsiro? Amsar ta fara fitowa a 2008, da aka bayyana Chromera velia, wadda aka samo a jikin murjani a gaɓar Sidini ta Ostareliya. 'Yar uwar Plasmodium ce ta kusa, amma har yau da hasken rana take ciyar da kanta. Ashe kakan wannan cuta ɗan gansakuka ne mai cin gashin kansa a teku, kafin ya koma zaman cin jikin wasu. A 2019 ayarin Patrick Keeling na Jami'ar Biritish Kolombiya a Kanada ya ƙara cike giɓin da wasu ƙwayoyi da ya kira corallicolids. An same su a fiye da kashi 70 cikin ɗari na murjanin da aka bincika, a laɓe cikin naman cikinsa. Sun daina cin rana, amma ba su yar da ƙwayoyin gadon yin koren ganye ba, kamar manomin da ya koma birni bai sayar da fartanyarsa ba.

Mai hankali zai iya cewa ƙasar da ke ɗauke da kimanin rubu'in masu zazzaɓin cizon sauro na duniya gidan sauro da magani take buƙata, ba labarin teku ba. Da gaskiyarsa, kuma bai kamata a ruɗe shi da cewa murjani ya haifar da wani magani ba, domin bai haifar ba. Sai dai ragowar sashen tsiron nan lagon ƙwayar ce, tunda jikin ɗan Adam ba shi da irinsa. Can ne magungunan doxycycline da clindamycin ke kai mata sara, shi ya sa ma suke jinkirin aiki, sai a zuriya ta biyu ƙwayar ke mutuwa. An gwada maganin fosmidomycin a Gabon bisa wannan fahimta, ko da yake bai zama maganin yau da kullum ba. Wanda ke neman sanin abin da Plasmodium ba za ta iya rayuwa ba tare da shi ba, dole ya duba abin da danginta suka riƙe da abin da suka zubar, kuma dangin na cikin murjani.

Wani kuma zai ce ai ba a ma tabbatar suna cutar da murjanin ba. Haka ne, galibin murjanin da aka same su a ciki lafiyarsa lau. Amma wani bincike kan murjanin Bahar Rum ya nuna wanda ya fi yawan ƙwayoyin ya fi saurin mutuwa idan ruwa ya yi zafi. Shi ya sa yanzu ake bin su teku-teku, daga Karebiyan zuwa Bahar Maliya, ana tantance wane iri ke zaune a wane murjani, a wane zurfi.