Kongo, Inda Arewa Ta Fara Horar da Lauyoyinta

Manomin rake a Kudan da rigimar iyakar gona ta kai shi kotu, ko ɗan kasuwar Ikara da aka danne wa kuɗi, idan magana ta fi ƙarfin dattawan gari, Zariya yakan nufa neman lauya. Sau da yawa lauyan da zai ɗauka, da na abokin shari'arsa, har da alƙalin da zai saurare su, duk a Kongo, cikin Zariya, suka yi karatu.

Ba da niyyar koyar da lauyoyi aka kafa wurin ba. A 1947 makarantar horar da akawu ce, a 1954 kuma ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki, inda ma'aikatan En'e ke zuwa ƙarin ilimi. A lokacin lauyoyi 'yan Arewa ba su cika yatsun hannu ba. Abdulganiyu Abdulrazaq na Ilori, na farkonsu, sai a 1955 ya zama lauya a Ingila, Muhammadu Bello na Katsina ya biyo baya a 1956.

Gabatowar 'yancin kai ce ta sauya aikin Kongo. A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Muhammad Abu Rannat, tare da Mai Shari'a Muhammad Sharif na Fakistan da Farfesa Anderson na Landan. Shawararsu ce ta haifar da kundin laifuffuka na Final Kod, wanda aka ɗora a kan na Sudan, ya fara aiki a 1960. Sai dai rubuta doka daban, samun masu aiki da ita daban. Alƙalan da suka ƙoshi da Risala da Mukhtasar, suka shafe shekaru suna hukunci da fiƙihun Malikiyya, dole aka dawo da su aji su koyi sashe kaza da ƙaramin sashe kaza. Kongo aka ɗora wa wannan nauyi, kuma a nan aka fara shirya samari don jarrabawar lauyoyi ta Landan. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Oktoban 1962, cibiyar ta shiga ƙarƙashinta, aka kafa Tsangayar Shari'a, daga baya kuma Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci.

Cikin samarin farko akwai wani bazazzagi, Muhammadu Lawal Uwais. Daga Kongo ya wuce Landan, ya zama lauya a 1963, ya dawo ya kama aikin lauyan gwamnati a Ma'aikatar Shari'a ta Arewa. Aiki ne na ɗaukar fayil daga hannun 'yan sanda, a tace shaidu, a tsaya gaban joji a tabbatar da laifi ko a sha kaye. Ya hau kujerar Kotun Ƙoli a 1979, ya riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Nijeriya daga 1995 zuwa 2006. Allah Ya yi masa rasuwa a Yunin 2025. Mahmud Mohammed da Ibrahim Tanko Muhammad, waɗanda su ma suka hau wannan kujera, ɗaliban tsangayar ne.

Ba duka suka zama alƙalai ba. Abubakar Balarabe Mahmoud ya gama a 1979, ya yi shekaru yana gabatar da ƙara a Ma'aikatar Shari'a ta Kano har ya kai Antoni-Janar na jihar. Daga nan ya koma aikin kansa a ofishin lauyoyi na Dikko da Mahmoud, ya shugabanci Ƙungiyar Lauyoyin Nijeriya daga 2016 zuwa 2018. Irin wannan lauya yana da daraja ta musamman, domin wanda ya daɗe yana shigar da ƙara da sunan gwamnati ya san inda bincike ke yin rauni, ya san tambayar da ke warware shaidar da aka kitsa, kuma wannan sanin ne yake kare talaka da shi ranar da ya tsallaka ɓangaren wanda ake tuhuma.

Abin da ya bambanta Kongo shi ne ba ta raba ɗalibanta da ɗayan shari'o'in biyu ba: mai karanta dokar Nasara yana taɓa fiƙihu, mai ƙwarewa a Shari'ar Musulunci yana karanta tsarin mulki da dokar shaida. Jihar Kaduna ta ga amfanin haka a mawuyacin lokaci. Bayan rikicin Shari'a na Fabrairun 2000, gwamnatin Ahmed Muhammad Makarfi ta rushe tsoffin kotunan yanki a 2001, ta kafa kotunan Shari'ar Musulunci da na gargajiya gefe da gefe. Tsarin ya buƙaci alƙalai da lauyoyin da za su iya bin shari'ar gado tun daga ƙaramar kotu har zuwa ɗaukaka ƙara, kuma Kongo ta riga ta yi shekara arba'in tana yaye su.