Akwatin Mario da ya iso Adar: wa ya kwafi wa?

Wani mai karatu daga Tebaram ya aiko da tambaya: akwatin gem ɗin nan da suka yi wasan Mario da harbin agwagi da shi suna yara, wanda ake sayowa daga kasuwar Tawa, na kamfanin Nintendo ne ko jabu ne? Galibin waɗanda suka shigo ƙasar Hausa kwafi ne. Sai dai shi kansa na asalin akwai magana a kansa.

Sunansa Famicom, ya fito a Japan ran 15 ga Yuli, 1983, a kan yen 14,800. Shugaban Nintendo, Hiroshi Yamauchi, shi ya ɗora wa injiniyansa Masayuki Uemura aikin, da sharaɗi biyu: ya yi araha, kuma abokan hamayya su kasa kwaikwayonsa aƙalla shekara guda. Uemura ya samu ƙwaƙwalwar na'urar, mai suna 2A03, a wurin kamfanin Ricoh, da ma'adanar aiki ta kilobayit 2 kacal. Wasan Super Mario Bros. na 1985 gaba ɗayansa, da kiɗan da yara ke bi da baki, kilobayit 40 ne. Hoto ɗaya na wayar salula ya ninka shi sau da dama.

Gardamar tana kan wannan ƙwaƙwalwa. Tsarinta na 6502 ne, wadda kamfanin MOS Technology na Amurka ya fitar a 1975. Wasu sun ce Ricoh na da lasisin ƙera ta, don haka babu abin zargi. Wasu kuwa sun ce a duba cikinta. Akwai wani sashen lissafi da MOS ya yi wa rajistar haƙƙin mallaka, kuma da masana suka ɓare 2A03 suka ɗauki hotonta da madubin ƙara girma, sai ga sashen nan yana nan, an dai datse hanyarsa don kada ya yi aiki. Ni na fi karkata ga na biyun. Wanda ba ya buƙatar abu, ba ya zana shi tun farko; wanda ya bar shi a wurin ya kashe shi, kuɗin haƙƙi yake gudu.

Abin da ya buɗe wa masu kwafi ƙofa shi ne Famicom na Japan ba shi da makulli. Sai da za a kai shi Amurka a 1985 da sunan NES aka sa masa guntun tsaro, 10NES, aka mai da haƙoran kaset daga 60 zuwa 72. Kamfanin UMC na Taiwan ya kwafi na Japan ɗin, daga baya aka dunƙule komai cikin guntu ɗaya. Duk wanda ya taɓa kwance irin na wajenmu ya gani: akwatin kusan fanko, sai ɗan allo da ɗigon baƙin danƙo a tsakiya. Shi ke nan na'urar. Kaset ɗin ma mai haƙori 60 ne, sau da yawa rawaya, an rubuta wasanni dubbai a jikinsa, alhali ƴan ƙalilan ne ake maimaitawa da sabon suna.

Ban ga laifin iyayen da suka saya ba, domin Nintendo bai taɓa kawo hajarsa Adar ba. Bindigar agwagin ma tana aiki kamar ta asali: idan aka ja kunama, tele ta yi baƙi na ƙiftawar ido, farin murabba'i ya fito inda agwagwa take, idon bindiga ya gane hasken. Shi ya sa ba ta yi da telen zamani mai faifai, sai tsohuwa mai ƙeya.

Nintendo ya daina ƙera Famicom a 2003, bayan ya sayar da kusan miliyan 62 a duniya. Uemura ya rasu a Disamba 2021. Irin waɗanda suka iso Tawa ba sa cikin lissafin miliyan 62 ɗin nan.