Ƙin yaƙi a bakin iyaka: kudancin Damagaram daga ɗibar soja ta Faransa zuwa 2023

1. Gabatarwa

Idan aka ambaci ƙungiyoyin ƙin yaƙi, abin da yakan faɗo wa mai nazari shi ne ɗaliban Amurka a zamanin yaƙin Biyetnam, da kwalayensu da jerin gwanonsu. In da wannan mudu za a auna, sai a ce birnin Damagaram da ƙasar da ke kudu da shi ba su da wani tarihi a wannan fanni. A ganinmu mudun ne bai dace da hatsin ba. Manufar wannan takarda ita ce nuna cewa mutanen Magariya da Dungas da Mallawa sun daɗe suna ƙin yaƙi ta hanyoyin da ke hannunsu, wato ƙaura, da zumunci, da bakin malamai da sarakuna.

2. Iyakar da ta ratsa dangi

Yankin ya san yaƙi tun kafin zuwan Nasara. Sarautar Magariya reshe ce ta gidan Haɓen Daura da jihadi ya tarwatsa a farkon ƙarni na 19, Dungas kuwa tana cikin ƙasashen Sosebaki waɗanda Damagaram ta rinjaya. Kasancewarsa tsakanin Damagaram da Kano ya sa ya sha wucewar runduna, musamman a zamanin Amadu Kuran Daga. Faransawa sun kama Damagaram a watan Yuli na 1899. Bayan yarjejeniyoyin 1904 da 1906, ayarin Tilho da O'Shee ya shata iyaka daga 1906 zuwa 1908. Sai ga Magariya a ƙasar Faranshi, Zango da Ɓaure a ƙasar Ingilishi, alhali gida ɗaya ne.

3. Ɗibar soja da ƙaura

Dokar 1912 ta buɗe ƙofar ɗibar soja ta tilas a Afirka ta Yamma ta Faransa. A 1918 aikin da aka ɗora wa Blaise Diagne ya tara mutum wajen 63,000 a tarayyar baki ɗaya, sannan dokar 30 ga Yuli 1919 ta mai da ɗibar abin kowace shekara, ko da yaƙi ko babu. Yadda abin ke tafiya sananne ne: kumandan ya yanka wa sarkin kanto adadi, sarki ya raba wa masu gari, mai hali ya ɓoye ɗansa, a miƙa ɗan wanda ba shi da kowa.

Ingilishi ba su kafa irin wannan doka ba, ko da yake su ma sun matsa wa jama'a wajen neman ƴan dako a lokutan yaƙi. Wannan bambanci ya mai da iyaka mafaka. Abin da muke son jawo hankali a kai shi ne, gudu ba aikin mutum ɗaya ba ne. Sai an sami wanda ya kawo labarin ranar zuwan masu ɗiba, da kawu ko suruki a ƙetare da zai ba da masauki da gona, da gari da zai kame bakinsa in gardi ya zo tambaya. Wannan tsari ne, ko da ba shi da suna ko magatakarda. A. I. Asiwaju, a nazarinsa na 1976 kan Kodebuwa da Haute-Volta, ya ɗauki irin wannan ƙaura a matsayin tawaye. Binciken William Miles na 1994 a Yekuwa ta ƙasar Magariya da Ƴardaje ta ƙasar Daura ya nuna yadda tsananin mulkin Faransa ya zauna a zukatan mutanen gefe biyun.

Wajibi ne mu yi hattara a nan. Mai gudun soja sau da yawa shi ne mai gudun lanho da aikin dole, wanda ba a soke shi ba sai da dokar 11 ga Afrilu 1946. Saboda haka ba ƙin zubar da jini ne kaɗai dalili ba. Akwai ƙin a ɗauke wa gida majiyin ƙarfi ana gab da damina, don yaƙin da ba nasa ba.

4. Watan Agusta na 2023

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, taron CEDEAO na Abuja a ranar 30 ga watan ya ba sojoji wa'adin kwana 7, tare da barazanar amfani da ƙarfi. Aka rufe iyaka, Nijeriya ta yanke lantarkin da Damagaram da Maraɗi ke samu daga Katsina ta Gazawa, kasuwanni irin su Maigatari da Mai'aduwa suka ji a jikinsu.

Martanin da ya biyo baya ya bi tsofaffin hanyoyi. Ƴan majalisar dattawa na arewacin Nijeriya sun tunatar cewa jihohi 7 ne ke maƙwabtaka da Nijar, kuma ranar 5 ga Agusta majalisar ta nemi a bi hanyar sulhu. Ranar 9 ga wata Muhammadu Sanusi II ya gana da Janar Tiani a Yamai, tare da Sarkin Damagaram. Ranar 12 tawagar malamai ƙarƙashin Shaihu Bala Lau ta bi sahu, a ranar kuma mutane suka fita titi a Kano suna cewa ba su yarda ba. Ko da yake CEDEAO ta ba da umarnin shirya rundunarta ranar 10 ga wata, rundunar ba ta taɓa motsawa ba, kuma an janye takunkumi ranar 24 ga Fabrairu 2024.

Ba mu ce wannan matsin lamba shi kaɗai ya hana yaƙi ba. Kuɗi da rarrabuwar kan shugabanni sun yi nasu aiki. Haka nan, a cikin watan ne dubban matasa suka yi cincirindo a filin wasa na Seyni Kountché don ba da kansu ga kare ƙasa. Abin da aka ƙi, ke nan, shi ne yaƙi tsakanin ƴan uwa, hujjar da aka fi ji kuwa ita ce ta jini da aure da addini.

5. Kammalawa

Daga 1912 zuwa 2023 abu ɗaya ne ke maimaita kansa: wanda ya shata iyaka yana ganin ta ganuwa, mazauna bakinta kuwa ƙofa suka ɗauke ta. Aikin da ke gaban ɗalibanmu shi ne haɗa rahotannin rangadi da ke taskar tarihi ta Yamai da takwarorinsu na Kaduna, sannan a gwama su da abin da gidajen Mallawa da Dungas suka riƙe game da kakannin da suka ƙetara. Waɗanda suka ji labarin daga bakin masu gudun suna ta raguwa, don haka aikin na gaggawa ne.